AdSense, Dillanci ko Tallan 'Yan Kasuwa Kai Tsaye: Wanne Ya Dace da Ƙaramin Shafin Intanet?

Duk wanda ya buɗe shafin intanet yana rubutu a kai, ko a kan noma ne, ko girke-girke, ko gyaran waya, ko labaran garinsu, akwai ranar da zai zauna ya lissafa abin da shafin yake ci masa: kuɗin data, kuɗin sabunta sunan shafin duk shekara, kuɗin hayar rumbun da shafin yake zaune a kai, ban da dararen da ya raba yana rubutu. Daga wannan ranar ce tunanin talla yake shigowa, kuma yawancin masu shafi sukan ɗauka cewa talla a intanet suna ɗaya gare shi, wato AdSense na kamfanin Google. Alhali hanyoyin sun kai huɗu. Akwai AdSense ɗin da takwarorinsa manyan dillalan talla, akwai ƙananan kamfanonin da ke karɓar kusan kowane shafi ba tare da dogon bincike ba, akwai dillancin haja inda ake biyan mai shafi la'ada idan an yi ciniki ta hanyarsa, sannan akwai sayar wa ɗan kasuwa gurbin talla kai tsaye, kamar yadda mai gida a bakin titi yake ba da hayar bangonsa a rubuta tallan makaranta ko na takin zamani.

Domin kwatancen ya samu madogara, mu ɗauki shafi guda mu auna hanyoyin da shi. Mu ƙaddara ana buɗe shafukansa sau 15,000 a wata, masu karanta shi kuma yawancinsu suna Kano da Kaduna da Sakkwato da Maraɗi, suna shigowa ta wayar hannu, galibi ta adireshin da aka tura musu a WhatsApp ko suka ci karo da shi a Facebook. Adadin na misali ne kawai, kowa yana iya cire shi ya sa nasa, amma siffar masu karatun ita ce siffar da akasarin ƙananan shafukanmu suke da ita, kuma ita ce za ta yanke hukunci a kan kowace hanya daga cikin huɗun.

AdSense ya fara aiki a shekarar 2003, kuma tsarinsa bai da wuyar fahimta. Mai shafi yana ware gurbi a shafinsa ya damƙa wa Google, duk lokacin da wani ya buɗe shafin sai a yi gwanjon wannan gurbi cikin ƙiftawar ido tsakanin masu son tallata hajarsu, wanda ya taya da tsada shi ne tallansa zai bayyana. Daga abin da mai talla ya biya, kason mai shafi ya daɗe yana kan 68 cikin 100. A ƙarshen 2023 kamfanin ya sanar da sauya yadda yake lissafi, inda daga farkon 2024 ya koma biyan masu shafi gwargwadon yawan bayyanar talla maimakon yawan danna shi, tare da cewa abin da zai riƙa isa hannun mai shafi zai ci gaba da zama kusan wancan kaso. Ma'aunin da mai shafi ya kamata ya riƙa dubawa shi ne wanda ake kira RPM, wato abin da ya samu a kan kowane buɗe shafi 1,000.

Sai dai kafin a kai ga lissafin kuɗi akwai ƙofar da mai rubutu da Hausa zai tarar a rufe, kuma abin mamaki ba kasafai masu koyar da wannan sana'a suke faɗin ta ba. Google yana da jerin harsunan da AdSense yake aiki da su. Turanci yana ciki, Faransanci yana ciki, Larabci da Urdu da Hindi suna ciki, amma babu Hausa. Ƙa'idar kamfanin kuma ta hana a sa tallansa a shafin da mafi yawan rubutunsa yake cikin harshen da ba ya jerin. Dalilin na kasuwanci ne: na'urar da ke zaɓen talla tana bukatar ta gane abin da shafi yake magana a kai, ta kuma tantance ko ya saɓa doka, masu talla kuma suna bukatar su san kusa da wane irin rubutu sunansu zai fito. Gaskiya ne ana ganin shafukan Hausa ɗauke da tallan Google, kuma sananniyar dabara ce a cika sabon shafi da rubutun Turanci har a samu amincewa sannan a juya zuwa Hausa. Wanda ya yi haka ya yi gini ne a filin da ba shi da takardarsa. Yana iya shekara ba a taɓa shi ba, yana kuma iya wayar gari ya ga an tsayar da tallan. Marubucin da ke Damagaram yana rubutu da Faransanci, ko wanda ke Sudan yana rubutu da Larabci, ko na Zariya da ke rubutu da Turanci, wannan matsala ba ta shafe su ba. Ta mai rubutu da Hausa zalla ce.

To mu ce an wuce wannan ƙofa, shafin na Turanci ne kuma an amince da shi. Abu na biyu da zai fuskanta shi ne cewa a wurin gwanjon ba a taya duk masu karatu da farashi ɗaya. Mai talla yana biya ne gwargwadon abin da yake sa ran samu daga wanda ya ga tallan, saboda haka mai karatu da ke Amurka ko Ingila ko Kanada, wanda ke da katin banki a aljihu kuma ya saba sayayya ta intanet, ana tayinsa da ninkin abin da ake taya wanda ke Gusau ko Tawa. Batun rubutun ma yana da tasiri: shafin da ke magana a kan inshora ko harkar banki ko manhajojin kasuwanci ya fi shafin labaran yau da kullum ko na nishaɗi jawo masu tayi da tsada. Idan muka ƙaddara shafinmu na misali yana samun dala 1 a kan kowane buɗe shafi 1,000, abin da zai tara a wata dala 15 ne. Google kuwa ba ya sakin kuɗi sai sun kai dala 100, wato sai mai shafin ya jira wata bakwai kafin ya ga kuɗin farko. Idan abin da yake samu rabin haka ne, jiran ya zama wata goma sha huɗu, kuma a cikin wannan tsakani ya sabunta sunan shafin ya biya hayar rumbu daga aljihunsa.

Akwai kuma raguwar da ba ta fitowa a wannan lissafi. Ba duk wanda ya buɗe shafi ba ne yake ganin talla. Manhajar Opera Mini, wadda ta yi farin jini a wayoyinmu saboda tattalin data, tana da abin toshe talla a jikinta tun 2016, kuma mai karatun da ya kunna shi ya karanta rubutun ya fita ba tare da mai shafi ya samu ko kwabo ba. Wanda ya shigo ta adireshin WhatsApp da intanet mai rauni shi ma sau da yawa yakan gama karanta sakin layin da ya kawo shi ya rufe kafin tallan ya gama buɗewa.

Hanyar karɓar kuɗin ita ma tana da matakai. Da zarar abin da aka tara ya kai dala 10, Google yakan aiko da lambar sirri a takarda ta gidan waya domin ya tabbatar da adireshin mai asusun, kuma ana ba shi wata huɗu ya shigar da ita, in ba haka ba a dakatar da nuna talla. A unguwannin da gidaje ba su da lamba wannan takarda takan zama abin fama, shi ya sa masu dabara suke amfani da akwatin gidan waya ko adireshin wurin aiki tun daga farko. Idan kuɗi sun cika, ana tura su tsakanin 21 da 26 ga wata, a Najeriya kuma ta banki suke zuwa, saboda haka asusun dala yana da amfani. A nan ne AdSense yake da wata fa'ida da ba za a raina ba. A watan Yunin 2023 aka bar kasuwa ta yanke darajar naira, dalar da ake canzawa a hukumance kusan naira 460 ta haura naira 1,500 a cikin 2024, wanda ke karɓar dala 100 kuwa ya ga kuɗinsa sun ninka fiye da sau uku a lissafin naira ba tare da ya ƙara rubuta ko layi ɗaya ba, duk da cewa hayar rumbun da yake biya da dala ita ma ta bi sahu. Mai shafi a Nijar ko Kamaru ko Chadi bai ga irin wannan tsalle ba, domin sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya.

Babban haɗarin AdSense shi ne saurin rufe asusu. Danna tallan shafinka da kanka laifi ne, roƙon masu karatu su danna laifi ne, haka ma zaurukan WhatsApp da ake haɗuwa ana cewa danna mini in danna maka, da sayen maziyartan bogi daga masu alƙawarin cika asusu da dala cikin mako guda. Na'urorin kamfanin suna gane irin wannan zirga-zirga, idan aka rufe asusun kuma ana iya riƙe abin da aka tara a mayar wa masu talla. Sayen asusun da wani ya riga ya buɗe shi ma ya saɓa yarjejeniyar, ga shi kuma sunan wani ne a kan kuɗin. Sannan shafukan da suka dogara da ɗora waƙoƙin mawaƙa ko littattafan marubuta ko finafinai ba da izinin masu su ba, waɗanda suna da yawa a cikin shafukan Hausa, sun saɓa ƙa'idar haƙƙin mallaka tun kafin a zo maganar harshe. Duk da haka dole a yi wa AdSense adalci: ba ya sa mai shafi ya bi kowa bashi, yana biya a kan lokaci idan an cika sharaɗi, kuma yana ba da damar toshe rukunan tallan da mutum ba ya so a shafinsa, kamar caca da giya da neman abokan soyayya.

Manyan kamfanonin da ke sama da AdSense wajen biya, irin su Mediavine da Raptive, ba sa bukatar dogon bayani a nan. Mediavine ya daɗe yana neman ziyara 50,000 a wata kafin ya karɓi shafi, Raptive kuma ya shafe shekaru yana neman buɗe shafi 100,000, kuma ko a lokutan da suka sassauta waɗannan adadi sun fi karkata ga shafukan da masu karatunsu ke Amurka da sauran ƙasashe masu arziki da ke magana da Turanci. Wanda yake rubutu da Turanci a kan batun da mutanen can suke nema yana iya sa su a gaba a matsayin buri. Shafinmu na misali bai kai ƙofarsu ba.

Da yawa daga cikin waɗanda AdSense ya ƙi sukan faɗa hanya ta biyu, wato kamfanoni irin su Adsterra da Monetag. Abin da ke jan mutane gare su a fili yake: ba sa tsaurara sharaɗin harshe ko yawan maziyarta, ana iya samun amincewa cikin ɗan lokaci, kuma wasunsu suna sakin kuɗi tun daga dala 5 ta wasu hanyoyin biya. Ga mai shafin Hausa da ya gaji da jiran amsa wannan kamar ruwa ne ga mai ƙishi. Amma ya kamata ya dubi irin tallan da ya fi kawo kuɗi a wannan kasuwa. Akwai wanda ke buɗe sabon shafi a bayan wanda ake karantawa da zarar mai karatu ya taɓa fuskar wayarsa, akwai wanda ke neman izinin turo saƙonni sannan ya riƙa aiko da talla dare da rana, akwai kuma wanda ke rufe rubutun gaba ɗaya sai an jira wasu daƙiƙu. Masu sayen irin waɗannan gurabe a yankinmu sau da yawa kamfanonin cacar ƙwallo ne da manhajojin bashi mai ruwa da masu alƙawarin kyautar da ba ta da tushe. Akwai damar tacewa, amma gwargwadon yadda mai shafi ya tace, gwargwadon yadda kuɗin suke raguwa.

Sai mutum ya yi tunanin malamar makarantar Islamiyya da ta buɗe shafinsa a gaban ɗalibanta domin ta duba yadda ake haɗa wani abinci, sai hoton da bai dace ba ya cika fuskar wayar. Ba za ta tsaya bambance mai shafi da kamfanin talla ba. A wurinta shi ya sa, kuma ba za ta sake tura adireshinsa a zauren 'yan'uwanta ba. Tunda shafinmu na misali da irin wannan turawa yake rayuwa, abin da ya sayar a kan 'yan daloli shi ne ainihin jarinsa. Ga kuma wasu abubuwa biyu na fasaha. Tun watan Fabrairun 2018 manhajar Chrome take iya toshe talla a shafukan da suka yi ƙaurin suna wajen tallan da ke damun mai karatu. Sannan tun 2017 Google ya hana sa tallansa a duk shafin da ke amfani da tallan da ke buɗewa ta baya, ma'ana wanda ya zaɓi wannan salo ya rufe wa kansa ƙofar AdSense muddin bai cire shi ba. A ganina wannan hanya ba ta dace da shafin da mai shi yake son a san shi da sunansa ba, in ban da ya tsaya a kan ƙananan alluna marasa hayaniya ya kuma riƙa duba abin da suke nunawa da wayarsa kullum, ya yarda da ɗan abin da za su kawo.

Hanya ta uku Bahaushe ya san ta tun kafin a ƙirƙiri kwamfuta, domin dillanci ce. Kamfani yana ba mai shafi adireshi na musamman, duk wanda ya bi ta wannan adireshi ya sayi kaya sai a ware wa mai shafin la'adarsa. Amazon ya fara irin wannan tsari a 1996, kuma sharuɗɗansa sun nuna yadda harkar take: sai an yi ciniki uku ta hanyarka cikin kwana 180 na farko kafin a tabbatar da kai, kuma galibi sai mai saye ya sa kayan a kwandonsa cikin awa 24 da bin adireshin kafin la'ada ta zama taka. Ga mai karatun da ke Katsina, wanda ba ya sayayya a Amazon, wannan tsari bai da amfani. Na kusa da gida su ne irin waɗanda Jumia da Konga suka buɗe, da kasuwar Selar inda ake sayar da littattafan waya da darussa, da kamfanonin da ke ba da hayar rumbun shafi.

Alherin dillanci shi ne ba ya tambayar harshen da aka yi rubutu da shi, kuma ba ya bukatar dubban maziyarta, abin da yake bukata shi ne mai karatun da ya riga ya yi niyyar saye. Wanda ya rubuta cikakken bayani da Hausa a kan bambancin batiran sola, ko a kan wayar da ta fi riƙe caji a cikin masu sauƙin kuɗi, masu karanta shi mutane ne da kuɗinsu ke hannu. Mu ƙaddara kayan naira 40,000 ne, la'ada kuma 5 cikin 100, ciniki ɗaya ya kawo naira 2,000, kwatankwacin abin da buɗe shafi sama da 1,000 zai kawo a lissafinmu na baya. Matsalar tana wurin ɗabi'ar sayayyarmu. Mutum zai karanta bayanin ya gamsu, sannan ya hau adaidaita sahu ya tafi kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ya riƙe wayar a hannunsa, ya yi tayi, ya biya. Mai shafi ya yi aikin dillali, la'ada kuwa ta tafi wurin wani. Saboda haka dillanci ya fi tasiri a kan abin da ba a iya saye sai ta intanet, kamar darasi ko manhaja ko hayar rumbu, ya fi rauni a kan abin da ake samu a shagon unguwa. Shafin labarai da na waƙe da na nasiha kuwa kusan ba su da abin da za su yi dillancinsa.

Wannan mutumin da ya tafi Farm Centre shi ne ya kawo mu hanya ta huɗu, kuma ita ce nake ganin ƙananan shafukan Hausa suka fi sakaci da ita. Mai karatun da gwanjon Google ya taya da arha saboda yana Kano, a wurin mai shago a Kano shi ne mai karatu mafi tsada a duniya, domin shi ne zai iya takowa da ƙafarsa ya yi ciniki. Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, da dilan iri da maganin feshi, da makarantar koyon kwamfuta, da mai ɗinkin kayan amare, da kamfanin jigilar kaya tsakanin Kano da Maraɗi, babu abin da za su yi da maziyarci daga Landan. Kuma waɗannan mutane ba baƙin talla ba ne; sun saba biyan gidajen rediyo kuɗin sanarwa, sun saba biyan masu mabiya da yawa a Facebook da TikTok su ambaci hajarsu. Idan uku daga cikinsu suka yarda su biya naira 15,000 kowanne a wata, shafinmu na misali ya samu naira 45,000, wato dala 30 idan an lissafa dala a naira 1,500, ninki biyu na abin da muka ƙaddara masa a AdSense, kuma kuɗin suna shiga asusunsa a watan, babu jiran cikar dala 100, babu mai cire kaso, babu mai tambayar harshen rubutu.

Farashin wannan hanya shi ne wahala, kuma ba ƙarama ba ce. Mai shafi ya zama marubuci kuma ɗan talla kuma mai karɓar bashi. Dole ya fita ya gana da mutane, ya nuna musu alƙaluman shafinsa na gaskiya, waɗanda zai iya ciro su kyauta daga Google Analytics, ya fassara musu su zuwa maganar da ɗan kasuwa yake ganewa: mutum nawa, daga wane gari, me suke nema. Ɗan kasuwa ba ya sayen adadin buɗe shafi, kiran waya yake son ya ji, saboda haka tallan da ke kai mai karatu kai tsaye ga lambar WhatsApp ta shagon, tare da wata kalma da mai saye zai ambata a rage masa wani abu, ya fi kyakkyawan allo da ba a san abin da ya jawo ba. Da wannan kalma ce mai shago zai ƙirga cinikin da shafin ya kawo masa, da ita ce kuma mai shafi zai nemi ƙarin kuɗi a wata na huɗu. Kasuwar tana da lokutanta: gabanin azumi da sallah masu tufafi da kayan abinci suke buɗe hannu, gabanin damina masu taki da iri, a watan Satumba makarantu. Tsakanin waɗannan lokuta gurbin yana iya zama fayau, abin da ba ya faruwa da AdSense.

Akwai kuma nauyin da ke hawa kan mai shafi shi kaɗai, tunda babu wani kamfani a tsakiya da zai tace masa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wanda ya karɓi kuɗin mai maganin da ke iƙirarin warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa a kwalba ɗaya ya ara masa amanar da masu karatu suka ba shi. Masu irin wannan haja su ne suka fi saurin biya, su ne kuma suka fi dacewa a mayar musu da kuɗinsu. A Najeriya tallan magani da abinci da kayan shafawa yana bukatar izinin hukumar NAFDAC, kuma lambar rajistar kaya daban take da izinin tallata su. Dokar 2022 da ta kafa ARCON, hukumar da ke sa ido kan harkar talla, a madadin tsohuwar hukumar APCON, ta sa tallan intanet ma a ƙarƙashin tantancewar hukumar, saboda haka yana da kyau mai shafi ya tambayi mai talla takardunsa kafin ya ɗora komai. Idan rubutu ne sukutum aka biya aka yi, sai a rubuta a samansa cewa talla ne, adireshin da ke cikinsa kuma a yi masa alamar da Google ya fito da ita a 2019 domin adireshin da aka biya kuɗi aka sa, in ba haka ba shafin yana iya faɗuwa a sakamakon bincike.

Idan aka jera su a gaban shafinmu na misali, wanda ke rubutu da Hausa ga masu karatu na gida, tallan kai tsaye ne nake ba shi shawara ya sa a gaba, ya haɗa da dillanci a rubuce-rubucen da suka shafi abin saye, domin su biyun ba sa cin karo da juna kuma babu wanda ya dogara da amincewar Google. Wanda yake rubutu da Turanci ko Faransanci ko Larabci, kuma yawancin maziyartansa daga binciken Google suke zuwa, musamman idan akwai na ƙasashen waje a cikinsu, AdSense ya dace da shi a matsayin tushe, ya ɗora sauran a kai, yana sane da cewa hanyar da maziyartan suke zuwa ba a hannunsa take ba. Waɗanda suka dogara da tsarin Instant Articles na Facebook, wanda ke buɗe rubutun shafuka a cikin manhajar Facebook kanta, sun ga yadda aka rufe shi a watan Afrilun 2023, kuma tun da Google ya fara sa amsar da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa a saman sakamakon bincike a 2024, mai tambaya yana iya samun amsarsa ba tare da ya shiga shafin kowa ba. Mai shafi mai harshe biyu kuma yana iya raba gida: tallan Google a sashen Turanci kawai, gurbin 'yan kasuwa a sashen Hausa.

Wanda shafinsa bai kai wata shida ba, ko maziyartansa ba su wuce 'yan ɗaruruwa a wata ba, babu ɗaya daga cikin huɗun da za ta biya masa ko kuɗin data, kuma cika sabon shafi da alluna yana rage saurin buɗewarsa a wayar da ke fama da intanet mai rauni. Abin da ya fi masa amfani shi ne ya ba wani ɗan kasuwa da ya yarda da hajarsa gurbi ɗaya kyauta na wata guda, bisa sharaɗin a ƙirga masa mutanen da suka zo ta hanyarsa. Da wannan adadi zai shiga shago na biyu. Ranar da aka fara maganar kuɗi kuma a rubuta yarjejeniyar, ko da a saƙon WhatsApp ne: wurin da tallan zai zauna, ranar farawa da ranar cirewa, adadin kuɗin, da cewa ana biya kafin a ɗora.